Cinikin durian tun yana kan bishiya

Ranar da na fara ƙirga durian a kan bishiya, sai da na kwana uku ban iya juya wuyana ba. Bishiya arba'in da uku ce a gonar, wasu sun fi bene mai hawa shida tsawo. Ni kuma ina ƙasa, na ɗage kai sama da madubin hangen nesa a ido, ina bin reshe bayan reshe, ina ƙirga 'ya'yan da ba su wuce ƙwan kaza ba. Sauro na cin wuyana, matsattsaku sun shige cikin safa suna shan jini, kuma da na kai tsakiyar bishiya sai iska ta kaɗa ganye, lissafi ya ɓace, a koma farko. Wannan shi ne aikin da wasunku suke zama a mamak ɗin unguwar Setapak, wurin shan shayin nan, shayi a gaba, suna cewa ai Nura ya huta, karɓi kuɗi, tura wa mai gona, sha durian kyauta. To ku gyara zama. Shekara biyar na yi ina wakilcin gona, kuma babu wanda ya koya min shi a aji.

Ga na gida da ba su san durian ba: ɗan itace ne mai girman kan mutum, jikinsa ƙaya kamar bushiya, cikinsa laushi da zaƙi, warinsa kuwa ko jirgin ƙasan cikin gari na LRT ba a bari ka shiga da shi. Mutanen nan suna sonsa son da ba zan iya kwatanta muku ba. In kakarsa ta zo, za ka ga babban mutum ya ajiye tsadaddiyar mota a bakin titi, ya tsuguna yana sha da hannu.

Yadda na shiga harkar ba wani abin alfahari ba ne. Ƙanin mahaifina, Baffa Dakta, ya daɗe yana koyarwa a jami'a a nan, ya auri 'yar ƙasa, Anti Salmah. Ita ta gaji gonar daga mahaifinta, can bayan Gombak, irin gonar itatuwan marmari da suke kira dusun. Shekarar da na zo karatun digiri na biyu aka ba Baffa muƙami a Abuja, suka tattara suka tafi. A filin jirgi ya miƙo min makulli biyu, na gidansu na Taman Melati da na ƙofar gona. Ya ce, "Ka zauna a gidan, ba haya. Gonar kuma ka dinga leƙawa, in an samu wani abu ka turo." Shi ke nan bayanin. Anti ta sakar masa komai na gonar, shi kuwa a iya sanina bai taɓa yin wuni guda a cikinta ba.

Da na je leƙawar, ciyawa ta kai min ƙirji. Na ari injin yankan ciyawa irin na goyo a wurin maƙwabcin gona, na goya shi juye, man fetur ya tsiyaye min a baya, mutumin ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Kuma sharar nan ba don kwalliya ba ce. Durian ɗinmu ba a tsinkarsa, ku riƙe wannan. Ba mangwaro ba ne da za ka kaɗo ɗanye ka rufe a buhu ya nuna. Shi yake faɗowa da kansa ranar da ya nuna, yawanci kafin gari ya waye, kuma in ya faɗa cikin ciyawa ba ka gan shi ba, zuwa jibi ya tsage ya yi tsami, ya zama na aladun daji. Saboda haka ƙarƙashin kowace bishiya sai ya zama fes kamar tsakar gida. Inda akwai dutse ko gangara a ɗaura raga don kada ya fashe ko ya gangara rafi. Ba ka shiga sai da hular kwano, don abu mai kilo biyu da ƙaya in ya taho daga can sama ya same ka a ka, sai dai a kira 'yan'uwanka. Safar hannu mai kauri, takalmin roba, kwanduna, sikeli, da wata gajeriyar wuƙa mai faɗi da ake buga jikinsa da ita a saurari ƙara. In ya yi ƙarar ganga ya nuna, in ya yi ƙarar katako ɗanye ne iska ta jefo. Sai gwangwanin jan fenti, da shi na bi na rubuta wa kowace bishiya lamba, don kowacce da halinta. Lamba bakwai tana da ɗaci-ɗaci irin wanda tsofaffi ke nema. Lamba ashirin da biyu sai ta cika fure kamar za ta karye, ta zubar da shi duka.

Duk wannan a bidiyo na koya, da tsoffin littattafan noma na laburare, da zaman kedai, wato shagon shayi da abinci, ina saya wa tsofaffi kofi ina yi musu tambaya da gurguwar Malay ɗina. Har karatuna ya so ya sha wuya, don na fi sanin yadda jemage ke yi wa furen durian barbara fiye da abin da ke cikin babi na uku na aikina. A cikin karance-karancen nan ne na gane sana'ar da na faɗa tsohuwa ce. A nan ƙasar, zamanin Turawa, mai gonar roba yana can ƙasarsu, wakili ne a nan yake shan rana yana aika riba a jirgin ruwa. Mu ma a gida haka. Mahaifina ya sha ba ni labarin kakansu da yake bi ƙauye-ƙauye yana tara zakkar hatsi ta wani mai ƙasa da ke zaune a birni, dami ɗaya cikin goma, ya sayar, ya kai kuɗin. In an yi fari talakawa su zage shi, in ya kai kaɗan a birni a ce ya ci. Na karanta na ce ashe gado na yi. Mai ƙasa na nesa ba ya ganin ruwa, ba ya ganin fari, adadi kawai yake gani. Shi ya sa kullum wakili ne ɓarawo.

Yanzu ga asalin aikin, wanda shi ne ba ku sani ba. Ni ba na sayar da durian ɗaiɗai. Ba ni da mota, ba ni da rumfa, kuma abu ne da ba ya kwana biyu. Al'adar wurin ita ce pajak. Wato in fure ya zuba, 'ya'ya sun kama sun kai kamar ƙwan kaza, sai mai saye ya zo, ku zagaya tare, shi ya ƙirga kai ka ƙirga, kowa ya cire abin da yake ganin zai zube ko biri zai ɓata, sai ku yi cinikin kakar gaba ɗaya tun tana sama. Ku yi musafaha, ya ba da rabi kafin alƙalami, sauran rabin ranar da na ƙarshe ya faɗo. Daga ranar musafaha, gadi nasa, taki nasa, raga tasa. In an samu fiye da ƙirga rabonsa ne. In an yi asara tasa ce. Babu takarda, babu lauya. Hannu ne kawai.

Mai sayenmu Pak Din ne, wani dattijo siriri mai tsohuwar akori-kura da rumfa a bakin titin Gombak. Tun zamanin mahaifin Anti shi yake ɗaukar gonar. Shekarar farko na zo da ƙirgata a takarda ina ji da kaina, ya duba, ya ce, "Lamba tara ka ce ɗari da ashirin?"

Na ce, "Ɗari da ashirin da huɗu, Pak Cik." Haka ake kiran dattijo a nan, kamar mu ce kawu.

"Ka ƙirga na ɓangaren rafi?"

Ban ma san akwai reshe a ɓangaren rafi ba. Ya ja ni ya nuna min, wasu talatin ne a ɓoye. Ku lura, shi ne mai saye. Kowane ɗaya da ya nuna min kuɗi ne ya ƙara wa kansa. Ya ce, "Ƙirga da kyau mana. Kai wakili ne. In ka yi ƙasa da yawa, wata rana mai gona zai ce mun haɗa baki." Na yi dariya a lokacin.

A rumfarsa na koyi masu saye. Akwai mai shinshina guda goma ya ɗauki na farkon. Akwai mai cewa a buɗe, ya ɗanɗana, ya ɓata fuska, ya sha rabi, sannan ya ce bai yi ba. Akwai 'yan uwanmu ɗalibai da nake kaiwa, su toshe hanci suna cewa wannan ai mushe ne, bayan sati biyu su kira ni a ɓoye suna tambaya ko za a yi musu tapau ɗin guda biyu, wato a ƙunshe musu su tafi da shi gida.

Shekara ta uku ita ce mummunar shekara. Mun ƙirga, mun yi musafaha, ya ba da rabinsa, na tura Abuja. Bayan kamar sati uku aka yi wani ruwa da iska na kwana da kwanaki. Da na je da safe, ƙasa shimfiɗe take da 'ya'ya kore shar, girman lemo, ba su da amfanin komai. Na sa kwando ina kwashewa don kada su jawo tsutsa, na cika kwando sha ɗaya na daina ƙirgawa. Bishiya biyu sun rasa manyan rassa. Abin da ya rage a sama birai suka sauko daga daji suka far masa, don su ma abincinsu ya lalace, kurege kuma yana huda na saura. Pak Din ya yi bukka a gonar, ya tare a ciki da ƙaninsa suna kora. A ƙarshe bai kwashi ko sulusin abin da muka ƙirga ba.

Na kira Baffa na faɗa masa komai, har hotuna na tura. Na ce ko za a rage wa mutumin nan wani abu. Ya ce, "Nura, ciniki ciniki ne. Da ya ci riba zai ƙaro mana?" Na ce a'a. Ya ce to. Ranar da kaka ta ƙare, Pak Din ya zo da ambulan a cikin leda, cif-cif, ko ringit ɗaya babu ragi. A kan babur ya zo. Na ce ina motar, ya ce tana wurin wani. Daga baya a kedai na ji jinginar da ita ya yi. Na tura kuɗin a ranar, Baffa ya amsa da kalma biyu, "Na gani."

Ku riƙe wannan amsar tasa ta ciniki ciniki ne, don shekara biyu bayan nan na ji wata daban.

Shekara ta biyar rani ya yi kyau, fure ya fito kamar an watsa auduga a rassa. Muka ƙirga, muka cire kason zubewa kamar kullum, muka yi ciniki a farashin da ya fi na kowace shekara. Kafin in ba da hannu na tura wa Baffa adadin, ya rubuto, "Ya yi, a sayar." Muka yi musafaha, Pak Din ya ba da rabi. Sai Allah ya yi ikonsa, zubewar da muka yi tsammani ba ta zo ba. Kusan duk abin da ya kama ya zauna. A wasu jihohin kuma ruwa ya ɓata nasu, farashi ya tashi a gari. Pak Din ya zuba taki, ya sayo sabbin raga, ya yi wata biyu yana gadi. Har ya fara maganar karɓo motarsa.

A nan na yi wautar da har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Saura kamar kwana goma a fara faɗowa, na tsaya ƙarƙashin lamba bakwai, rassa sun yi lodi har sun sunkuyo, daɗi ya kama ni. Na ɗauki bidiyo na minti huɗu ina zagayawa ina surutu, ina nuna wannan ina nuna wancan, ina faɗin nawa ake sayar da kilo a gari yanzu. Na tura guruf ɗin gidanmu. So nake a ga aikina. Wanda ya daɗe a wannan sana'ar ba zai taɓa yin haka ba, ba don ɓoye wani abu ba, sai don ya san mai gona na nesa in ya ga reshe, ba ya ganin shekarar da reshen ya karye.

Ko awa ɗaya ba a yi ba wayata ta yi ƙara.

"Nura, wannan gonar tamu ce?"

"Ita ce, Baffa."

"Nawa ka ce an sayar?"

Na faɗa masa.

"Duk wannan?"

"Baffa, lokacin da aka yi ciniki ba su kai haka ba. Allah ne ya tsare su."

Ya ce zai kira ni. Bayan kwana biyu ya kira, muryarsa a natse, irin ta lacca. Ya ce ya yi bincike, ya kuma tambaya, wannan ciniki bai halatta ba. Shari'a ta hana sayar da 'ya'yan itace kafin nunarsu ta bayyana, akwai garari a ciki, shi kuma ba zai ci haram ba, ba zai ciyar da iyalinsa haram ba. Don haka cinikin ya warware. In mayar wa tsohon kafin alƙalaminsa. Akwai wani ɗan kasuwa mai manyan motoci da wani ɗan'uwan Anti ya samo, ya ga bidiyon, zai biya ninki biyu, kuma shi yanzu zai saya da nuna ta bayyana, halal tsantsa. Ranar Alhamis in ba shi makulli.

Maganar addini ce, ni kuma ba malami ba ne, kuma gaskiya ta tsorata ni. In haram ne, ai ni ne na yi shekara biyar ina ba da hannu. Na tafi wurin Malam Habibu, wani ɗan Zariya da ke digiri na uku a fiƙihu, maƙwabcinmu a Taman Melati. Na same shi a kedai bayan la'asar yana cin shinkafa. Na zayyana masa.

Ya ce, "Maganar baffanka tana da tushe, kar ka raina ta. Malamai da yawa sun hana, in dai za a bar 'ya'yan a kan bishiya har su nuna. Akwai masu sassauci saboda al'adar gari, akwai masu kallonsa ta wata fuskar, wannan doguwar magana ce. Shekara nawa kuna yi?"

"Biyar a hannuna. Kafin ni kuma tun ba a haife ni ba."

"An taɓa asara?"

Na ba shi labarin shekarar ruwa, da kwando sha ɗaya, da motar. Ya ajiye cokali.

"Aka karɓi kuɗin duka?"

"Duka, Malam. Ni na tura."

"To ai ko ta wace ƙofa ka shiga, kuɗin waccan shekarar bai zauna daidai ba. In cinikin ɓatacce ne, na waccan shekarar ma ɓatacce ne, sai a mayar wa mutum kuɗinsa a cire ƙimar abin da ya kwasa. In kuma ingantacce ne, a mazhabarmu in annoba ta cinye sulusi ko fiye, ana sauke wa mai saye gwargwadonta. Ba a ɗaukar hukunci shekarar da ya yi maka daɗi a ajiye shi shekarar da bai yi ba." Ya ɗauki cokalinsa, ya ƙara da cewa, "Amma don Allah kar ka ce Habibu ya ce a yi rigima. Ka ce ya tambayi malamin da ya yarda da shi, amma ya ba shi labarin shekara biyun tare."

Na kira Baffa na faɗa masa kamar yadda aka faɗa min, da ladabi, ban ƙara ko gishiri ba. Na ce in an warware na bana, to a lissafa na shekarar ruwa a mayar wa Pak Din, ni zan kai masa da hannuna, in ba shi haƙuri, in karɓi makullin gonar da ke hannunsa.

"Ni za ka karantar, Nura? Ina koyarwa a jami'a kana cikin tsumma."

"Ba karantarwa ba ce, Baffa."

"Waccan shekarar ta wuce. Shi ya kawo kuɗinsa da kansa, ba wanda ya sa masa wuƙa."

"Na bana ma shi ya kawo rabin da kansa."

"Kai wakilina ne ko nasa?"

"Naka ne. Da izininka na ba shi hannu. Ya zuba taki, ya yi wata biyu yana kwana da birai. Ka yi haƙuri, Baffa, ba zan iya zuwa in ce masa ya kwance ragarsa ba. In ka turo wani ya yi, gonarku ce. Ni dai hannuna ba zai iya ba."

Ya kashe waya. Na san me na taɓa. Gidan da nake ciki nasa ne, karatuna bai ƙare ba, kuɗin tallafin karatu kuwa kun san yadda yake zuwa, in ya ga dama. Wani ya ce min in kira Anti tunda gonarta ce. Ban kira ba. Ba a tsallake mutum a je wa matarsa, ko da shi ne bai da gaskiya.

Washegari Baba ya kira. Mahaifina ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, ba ya doguwar waya, kuma bai taɓa kirana da kansa ba sai ranar.

"Baffanka ya kira ni. Ya ce ka haɗa baki da wani tsoho kuna cin gonar matarsa."

Shekara biyar, kowane ringit da rasit ɗinsa, kuɗin man injin ciyawa ma sau da yawa daga aljihuna. Na fara bayani ina haɗa wannan da wancan, Baba ya katse ni.

"Tsaya. Ka ba mutumin hannu?"

"Na ba shi, Baba."

"Da sanin baffanka?"

"Saƙonsa yana wayata. Ya ce a sayar."

"Ya ba da kafin alƙalami?"

"Rabi. Yana hannun Baffa tun wata biyu."

"To an gama ciniki, kaya na mai saye ne. Maganar halal da haram a zauna da malamai kafin baɗi, a gyara. Ni zan yi masa magana." Na fara godiya, ya ce, "Ban gama ba. Za ka kira shi ka ba shi haƙuri."

"Baba, haƙurin me?"

"Na ce ka kira shi."

Na kira. Wannan ne ɓangaren aikin da babu shi a bidiyo, babu shi a littafi. An ce maka ɓarawo, kai ne za ka ba da haƙuri. Na ce Baffa na yi kuskure a yadda na yi magana, a yafe min. Ya ce ya wuce, tunda Yaya ya sa baki tsohon ya kwashe na bana. In kaka ta ƙare in kai makullin gona da na gida wurin ɗan'uwan Anti, don ya ba wa mai manyan motocin hayar gonar ta shekara biyar, gidan kuma za a sa 'yan haya. Maganar haɗa baki bai janye ta ba, har yau. Na ɗauki hoton duk rasit na shekara biyar na tura masa, bai buɗe ba. Kuɗin shekarar ruwa kuwa ba a sake tayar da zancensa ba, haramcin ya tsaya a kan bana kawai.

Durian bai san ana rigima ba, ya fara faɗowa a kan lokacinsa. Sati uku da 'yan kwanaki ina zuwa bayan asuba, hular kwano a ka, muna tsinta, muna bugawa da wuƙa, muna ware mai hudar kurege gefe, muna aunawa. A sati na biyu Pak Din ya zo da motarsa, ya wanke ta har taya. Bai san komai ba, ni kuma ban faɗa ba, don ban ga amfanin ɓata masa kakar da ya jira shekara biyu ba.

Ranar ƙarshe guda shida kawai muka samu. Ya kwance ragarsa, muka naɗe tare, ya ciro ambulan a cikin leda ya ba ni. Yana ɗaure kwanduna yana cewa baɗi sai a sassabe lamba sha tara, ta yi duhu da yawa, kuma mu fara ƙirga da wuri.

Na ce, "Pak Cik, baɗi ba ni ba ne. Kai ma ka nemi wata gonar tun yanzu. An ba wa wani, shekara biyar."

Bai ɗago ba. Ya gama ƙullin da yake yi, ya ja igiyar ya gwada ta.

"Na yi wani laifi ne?"

"Ba ka yi ba."

"Kuɗin bai cika ba?"

"Ya cika, Pak Cik. Kullum yana cika."

Ya kalli bishiyoyin. Sannan ya goge hannunsa a wando ya miƙo min, muka yi musafaha.

"To. Ka gaishe min da Dakta."

Na ce to. Kuɗin na tura Abuja a ranar kafin azahar, ko sisi bai yi ciwon kai ba. Gaisuwar ce ban isar ba, kuma ba zan isar ba.